"Ina gajiya?" "Ba gajiya": Ciwo, ƙwaya, da maganar da ba a iya yi a wurin aiki

Wajen ƙarfe shida da rabi na safe, kafin a ɗaga ƙofofin shaguna, akwai wani ɗan layi da ake yi a unguwannin Kaduna wanda ba kowa ke lura da shi ba. A bakin kemis ake yin sa. Na sha tarar da shi a Tudun Wada idan na yi sammako: mai Keke Napep ya faka a gefe bai ko kashe inji ba, lebura da shebur a kafaɗa, ɗan dako, mai wanki da guga, wani lokaci har da mai shigar ofis. Maganarsu kusan iri ɗaya ce. "A ba ni na ciwon jiki." Ko kuma, "Haɗa min na ɗari uku." Yaron kemis ba ya tambayar komai. Ya ɓallo farare biyu, ja ɗaya, kafso mai launi biyu, da wata 'yar mitsitsiya, ya zuba wa mutum a tafin hannu. A fasa ruwan leda da haƙori, a kora, a wuce.

Bayan rabin awa mutumin nan zai isa wurin aiki, maigidansa ya ce, "Ina kwana, ina gajiya?" Shi kuma ya rusuna ya ce, "Ba gajiya, ranka ya daɗe."

Bai yi ƙarya ba, gaisuwa ya amsa yadda aka koya mana. Kullum safiya muna tambayar juna gajiya, mun kuma tanadar mata amsar da ke rufe zancen. Marar lafiya yana kwance ko kai ba ya iya ɗagawa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Akwai tawakkali a cikin wannan, akwai mutunci, kuma ba na fatan mu rasa shi. Amma idan ranar aiki ta fito ta faɗi ba a sami wata kafa ta biyu da mutum zai faɗi gaskiyar jikinsa ba, ciwon ba ya bajewa don an yi shiru. Gobe da asuba za a same shi a layin kemis.

Likitoci da masana halayyar ɗan Adam suna da kalmomin da suke rarrabe abin da ke faruwa tsakanin tafin hannun nan da gaisuwar nan. Mu kuwa a bakin titi kalma ɗaya muka riƙe, "ƙwaya", sai ɗanta, "ɗan ƙwaya". Ina so in warware kalmomin nasu da Hausa, domin na ga abin da rashin saninsu ya yi a cikin zuri'armu.

Mu fara da ciwon kansa. Ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta sabunta ma'anarsa a 2020, kuma abin da ta jaddada tun a ma'anar farko ta 1979 yana nan: ciwo abu ne da ake ji a jiki, ake kuma ji a rai, kuma yana iya zuwa ko da ba a ga rauni ba. Tun 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka kawo bayanin da ake kira ka'idar ƙofa. A taƙaice, saƙon ciwo ba ya tashi daga wurin rauni ya zarce ƙwaƙwalwa kai tsaye. Sai ya bi ta lakar baya, inda akwai abu kamar ƙofa da ke iya buɗewa sosai ko ta sakaya. Shi ya sa idan yaro ya buge gwiwa uwarsa ta murza wurin, kukan ke raguwa: saƙon murzawa ya tare wa na ciwo hanya. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarnin daga sama. Tsoro, rashin barci, bashi, fargabar kora daga aiki, duk suna iya wangale ƙofar. Bayan da ya ɗan riƙe ranar da aka biya albashi, shi ne zai hana mutum ruku'u ranar da mai gidan haya ya ba shi wa'adi.

Wannan ba ya nufin ciwon na ƙarya ne. Wanda damuwa ta saukar masa a kafaɗa ko a ciki da gaske yake jin abin da yake ji. Masana suna da suna ga wannan, ni dai zan ce masa damuwar da ta sauka a jiki, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya yi rubutu kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da zafin kai, da jin kamar wani abu na yawo a ka, alhali nauyin karatu da fargabar jarrabawa ne a ƙasan abin. A wurinmu ya fi sauƙi namiji ya ce kaina na ciwo a kan ya ce raina ba daɗi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Hausa ba ta talauce a wannan fage ba. Kai yana sarawa. Haƙori yana zogi. Ƙuna tana raɗaɗi. Ciki yana murɗawa, kwiɓi yana suka, gaɓɓai suna tsami, wuya yana ƙagewa, ƙafa kuma wani lokaci sai ka ji kamar kiyashi na tafiya a cikinta. Kowace kalma a nan tana nuna wa likita hanya, domin ciwon jijiya daban da na gaɓar da ta kumbura, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Amma da an zo bakin kanta sai mu tattara wannan arziki duka mu mayar da shi "ciwon jiki", mai kanta kuma ya mayar mana da "haɗi".

Me ke cikin haɗin? Magungunan rage ciwo da muka fi cin karo da su gida uku ne.

Gidan farko farasitamol. Shi ne mai sauƙin hali, amma yana da iyaka: babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 4,000 a yini da kwana, wato ƙwaya takwas masu 500, kuma a rarrabe. Wuce haka hanta yake taɓawa, kuma mugun abin shi ne ba ta yin kuka da wuri. Yawancin magungunan mura ma akwai farasitamol a cikinsu, don haka mutum na iya ninka shi bai sani ba.

Gida na biyu su ibufurofen, daikulofinak, asfirin da danginsu, masu rage kumburi. Suna aiki sosai a ciwon gaɓa da na baya, amma suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, balle ga wanda ya sha su da safe ba karin kumallo, ya wuni a rana yana zufa ba ya shan ruwa. Haɗa biyu daga wannan gida a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi, haɗari kawai yake ƙarawa, kuma wanda aka zuba wa ƙwayoyi tsirara a tafin hannu ba shi da hanyar sanin ko biyu ne a ciki. Da yawa daga masu cewa olsa ta kama su ba su taɓa alaƙanta ta da wannan sammako ba. Akwai ma wani juyi da ke ba mutane mamaki: wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a kowane wata, wata da watanni, maganin da kansa yana iya zama mai kawo ciwon kan. Ya sha, ya lafa, ya dawo, ya ƙara sha.

Gida na uku shi ne na dangin ofiyom: kodin, tiramadol da muke cewa tiramol, allurar fenta, har zuwa mofin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera magungunan rage ciwo kamar matakalar bene a 1986, saboda masu ciwon daji: a fara daga ƙasa, a hau sama idan ciwo ya buƙata, likita na riƙe da hannu. Su ba shaiɗanun magunguna ba ne. Wanda aka yi wa tiyata, ko mai sikila da ciwonsa ya tashi, ya san rahamar da ke cikinsu. A Jamus aka ƙirƙiri tiramol, kamfanin Grünenthal ya fito da shi kasuwa a 1977, kuma iyakarsa ga babba miligiram 400 ce a yini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ta amince da mai miligiram 50 da mai 100. Wanda ya cika lungunanmu kuwa mai 200 ne, da 225, da 250, wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyakar yini guda. Tiramol yana da wata siffa da ta sa ya yi kasuwa a wurin ma'aikatan ƙarfi: bayan danne ciwo, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu ɗaga yanayin rai, sai mutum ya ji ƙarfi ya zo masa, gajiya ta tafi. Wannan siffar ce kuma ke sa idan ya yi yawa mutum ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Idan aka haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci, numfashi yake iya tsayarwa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin waɗannan magungunan asibiti ne na dangin ofiyom suka sha ba bisa umarnin likita ba. Cikin masu ta'ammali da ƙwayar baki ɗaya, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona asirin cinikinsa. Hanin ya zama dole. Sai dai doka kwalba take iya kamawa, ba ta kai ga bayan leburan da zai ɗauki bulo gobe.

Ɗan yayata makanikin walda ne. Yana da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da suka ɗaga wani ƙaton get su biyu, abin da ya kamata a ce mutum huɗu ne, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Washegari ya gaya wa ogansa. Amsar da ya samu ita ce, "Kai ka cika raki. Mu da muka shekara talatin muna wannan aiki mun mutu ne?" Aka yi dariya a shagon. Bai sake faɗa ba. Wani abokin aikinsa, cikin tausayi kuwa, ya ja shi gefe ya ɓalla masa rabin ƙwaya. Ranar ya yi aiki kamar ba shi ba, har oga ya yaba masa.

Kalma ta farko a nan ita ce sabo. Ƙwaƙwalwa ba ta son a rinjaye ta, don haka idan maganin dangin ofiyom ya dinga shigowa kullum, sai ta rage yadda take amsa masa. Rabin da ya isa a watan farko ya koma guda, guda ya koma biyu, ba don yaron ya lalace ba. Jikin kowa haka zai yi, da na liman da na likita.

Ta biyu dogaro. A nan jiki ya gyara zamansa a kan cewa maganin na nan, kamar ginin da aka tokare da azara. Zare azarar farat ɗaya shi ke kawo kalma ta uku, ciwon yankewa: hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gumi da sanyi lokaci guda, gudawa, ciwon ƙashi, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaura, zuciya ta cika da fargabar da ba ta da dalili. Wanda bai sani ba zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Shi kuwa mai abin ya san maganin da zai kawar da shi cikin awa guda, kuma yana sayuwa a lungu na gaba.

Ta huɗu ita ce kamu, wadda wasu ke cewa jaraba. Ita ba a auna ta da yawan abin da aka sha kawai. Alamarta ita ce linzami ya kuɓuce: mutum ya yi niyyar dainawa ya kasa, tunaninsa ya tattara a kan inda zai samu, ya fifita ta a kan cefane da sallah da zumunci, yana ganin ɓarnar da take masa yana ci gaba. Mutum na iya samun sabo da dogaro ba tare da kamu ba. Mai ciwon daji da ke kan mofin wata shida jikinsa ya dogara, amma ba ɗan ƙwaya ba ne. Mai sikila da ya zo asibiti tsakar dare yana kiran sunan allurar da ta taɓa yi masa aiki, sau da yawa ciwonsa ya sani, shi ya sa. Kallon tuhumar da wasu ke yi masa a wannan hali zalunci ne, kuma ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya ya kamata ta fi kowa sanin haka.

Akwai wani bambanci da masana halayya suke yi wanda na ga gaskiyarsa da idona. Wata ɗabi'ar tana kafuwa ne saboda daɗin da take kawowa, wata kuma saboda wahalar da take ɗaukewa. Mu duk muna ɗauka mai shan tiramol daɗi yake nema. Ranar da ɗan yayata ya faɗi a shago yana jijjiga, aka ce aljanu, wasu suka ce farfaɗiya, har sai da aka ga sacet a aljihunsa. Daga ranar sunansa ya koma ɗan ƙwaya, ogan da ya ce masa ya cika raki kuma shi ya sallame shi, wai ba ya zama da 'yan shaye-shaye. Da na zauna da shi a zaure da daddare, kansa a ƙasa, cewa ya yi, "Kawu, wallahi ni ba don in yi maye nake sha ba. In ban sha ba, tashi ma ba na iyawa." Da farko ciwon baya yake gudu, daga baya ya koma gudun ciwon yankewa. Daɗi ya daɗe da fita daga lissafin.

Mu ma a gida mun yi kuskure. Muka kulle shi a ɗaki muka ce ya daina yau yau. Kwana uku ya yi a wani hali da ba na son tunawa, a na huɗu ya haura katanga. Sai da muka kai shi wurin likita muka ji cewa wanda jikinsa ya dogara ana sauke shi ne a hankali, ana rage adadin mataki-mataki, ana kuma duba ciwon da ya fara kawo shi. Wata takwas da faruwar abin, ranar ce aka fara duba ƙugunsa, aka tura shi sashen gashin ƙashi.

Suna yana da nauyi fiye da yadda muke zato. A 2010 John Kelly na Jami'ar Harvard da abokiyar aikinsa suka ba ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500 labarin mutum ɗaya, komai iri ɗaya, sai dai a rabin takardun an kira shi da kwatankwacin "ɗan shaye-shaye", a sauran kuma "mutumin da ke fama da larurar shan ƙwaya". Waɗanda suka karanta na farkon sun fi karkata ga cewa laifinsa ne, horo ya dace da shi. Ƙwararru ke nan, balle mu. Wannan ita ce tsangwama, kuma mu a Kaduna mun ga ƙarshen hanyarta a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu, ba don ƙiyayya ba. Sun rasa sunan abin da ke damun yaran in ba "kangara" ba, wanda ya kangare kuma horo aka sani. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, yana da sashen kula da masu larurar ƙwaya, amma muddin a bakinmu "asibitin mahaukata" ne, uba zai gwammace ya kai ɗansa ko'ina ban da can. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canza suna, saura mu.

Yanzu mu koma wurin aiki, domin a nan aka fara ɓata rawar.

A shekarun 1990 wata mai bincike a Harvard, Amy Edmondson, ta shiga asibitoci tana nazarin kurakuran ba da magani. Ta ɗauka rukunin ma'aikatan jinya da suka fi jituwa da shugabanninsu za su fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, sai ta fahimci ba fin kowa kuskure suke yi ba, fin kowa faɗa suke yi. A ɗakunan da shugaba ke da zafi, kuskure na faruwa, ana binne shi. Daga nan ta gina abin da ta wallafa a 1999, wanda zan kira amincin buɗa baki: ma'aikaci ya tabbata a ransa cewa idan ya ce ban gane ba, ko na yi kuskure, ko ba zan iya ba, ba za a muzanta shi ko a hukunta shi ba.

Ka auna wannan da garejinmu, da shagon ɗinki a Kasuwar Barci ana saura kwana biyar sallah, da maƙera da masu walda irin na Panteka, da wurin gini, har da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Yaro ba ya haɗa ido da maigida. Kunya da kara sun hana shi maimaita abin da ya faɗa sau ɗaya aka yi masa dariya. Ga kalmomin da ke jiransa idan ya buɗe baki: raki, son jiki, ganda, lalaci. Kowace ɗaya hukunci ce a kan halinsa, ba wadda ke tambayar abin da ya same shi. Ga kuma lissafin da ya fi duka tsauri, ba aiki ba kuɗi. Lebura ba shi da hutun rashin lafiya. Mai keke yana da balas ɗin da zai kai wa mai shi da yamma ko jikinsa ya yarda ko bai yarda ba. Tela ya karɓi ɗinki ya yi alkawari. A irin wannan hali ƙwayar ɗari uku ita ce hutun rashin lafiyar talaka, sai dai hutu ne na bashi.

Kada ma'aikacin ofis ya ɗauka zancen bai shafe shi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wani yanayi da ke fitowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba, abin da mu muke cewa aiki ya cinye mutum. Alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har a fara ganin baƙinsa, ƙwazo ya ragu. Hukumar ba ta kira shi cuta ba, ta ce al'amari ne na wurin aiki, wato a tsarin aikin ake neman gyara. Malamar makarantar da ke da aji mai yara fiye da ƙima, ta koma gida ta ɗora tukunya, ta ajiye katin maganin ciwon kai a jaka kamar goro, tana cikin wannan lissafi. Ita ma in shugaba ya ce yaya aiki, cewa za ta yi da godiya.

Wani zai ce, to magana ce za ta warkar da ƙugu? Ba za ta mayar da abin da ya goce ba. Amma tana da nata aikin a jiki, kuma an auna shi. A 1978 wasu masu bincike a Amurka suka ba mutanen da aka cire wa haƙori abin da ba magani a cikinsa, aka bar su a kan cewa yana iya zama maganin ciwo. Wasu suka ji sauƙi. Da aka ba su nalokson, maganin da ke toshe aikin dangin ofiyom, sai sauƙin ya ragu. Ma'ana, tsammanin samun sauƙi ya sa jikinsu ya saki nasa maganin ciwon na cikin gida. Wannan shi ake kira filasibo. Yana da kishiya, nosibo: a tsorata mutum, ciwonsa ya ƙaru. Likitan da ya dubi hoton baya ya ce "bayanka ya lalace" ya tashi, da wanda ya zauna ya ce "irin wannan yawanci yana sauƙi cikin makonni, ga abin da za ka yi, ga abin da in ka gani ka dawo da sauri", ba magani ɗaya suka bayar ba ko da takardarsu iri ɗaya ce. Da aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, har a lakar baya maganar tana da gaskiya.

Abin da nake nema daga maigida, ko oga, ko shugabar sashe, ba ya cin kuɗi mai yawa. Kada a taɓa gaisuwa, a bar ta yadda take. A ƙara mata tambaya ta biyu, a keɓe, ba a gaban sauran yara ba, kuma tambayar da ba a iya rufe ta da "lafiya lau". A ina yake maka ciwo? Tun yaushe? Me kake sha? Ciwon da ya wuce wata uku likitoci sun riga sun sa shi a wani aji daban, ba na kemis ba ne. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari ke kuɓuce masa tare da ciwon baya, ko yake ganin baƙin bayan gida bayan shan magungunan kumburi, asibiti ne ranar, ba gobe ba. Idan kuma amsar "me kake sha" ta zo da sunan tiramol, abin da maigida ya yi a minti ɗaya na gaba shi zai nuna wa sauran yaran shagon ko su ma za su taɓa faɗa. Duk suna kallo ko da kawunansu na kan aiki. Mai kemis ma yana da nasa rabon: ya faɗi sunan kowace ƙwaya da ya ɓallo, ya tambaya ko an ci abinci, ya kuma iya cewa wanda ya gani kwana goma a jere, "Malam, wannan jikin naka likita yake so."

Ɗan yayata yanzu yana wurin wani dattijon mai walda, wanda ya san labarinsa tun ranar farko domin mun gaya masa. A shagon ba a ɗaga get sai an kira mutum huɗu, ko da za a ari biyu daga maƙwabta. Na je wurinsu wata safiya da aikin taga, na tarar ana gaisawa. "Ina gajiya?" "Ba gajiya, Baba." Dattijon ya ci gaba da warware wayar injin, sai da sauran suka watse kowa ya kama aikinsa, sannan ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "To, ƙugun fa?" Yaron ya ɗan yi jim, ya ce, "Yau ya ɗan riƙe." Dattijon ya miƙa masa tef da alli, ya nuna masa benci, ya ce yau awo da yanka ne nasa.